Idan Ƙasar Tukunyar Shuka Ta Ƙi Tsanewa: Jira, Sauya Haɗi, ko Sauya Mazubi?

A watan Agustan bara na rasa tushen attaruhu huɗu daga cikin shida da nake reno a bakin tagar falona, a wani gidan bene da ke unguwar Hotoro a Kano. Ganyensu ya yi yaushi da rana tsaka, na ɗauka ƙishi ne, na ƙara musu ruwa, washegari suka ƙara langaɓewa, na sake ƙarawa. Sai ranar da na juye bokitin farko a kan buhu na ga abin da na aikata: rabin ƙasar da ke ƙasa ya zama taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, saiwoyin da ya kamata su kasance farare sun koma ruwan ƙasa, suna saɓulewa a tsakanin yatsu. Tun daga lokacin nake gwada haɗe-haɗen ƙasa da mazubai iri-iri, kuma abin da na fahimta shi ne mai shuka a cikin ɗaki yana da hanyoyi uku idan ƙasarsa ta jiƙe ta ƙi tsanewa, kowace da inda take amfani da inda take ɓata lokaci.

Ruwa da kansa ba ya kashe saiwa, rashin iska ne yake kashe ta. Saiwa tana numfashi kamar kowane abu mai rai, kuma tana samun iskar oksijin ne daga ƙananan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cike waɗannan kafofi ya zauna, iskar takan yi tafiya a cikinsa da jinkirin da ya kai kusan ninki 10,000 idan aka kwatanta da tafiyarta a sarari, don haka abin da ya rage a wurin yakan ƙare cikin ɗan lokaci. A yanayin zafi irin namu lamarin ya fi sauri, domin ruwa mai ɗumi bai riƙe iska kamar mai sanyi ba, saiwar kuma tana ƙara yawan numfashi idan zafi ya ƙaru. Tumatir da attaruhu na iya fara lalacewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Da zarar ƙananan saiwoyi sun mutu, shukar ba za ta iya jan ruwa ba ko da tana tsaye a cikinsa, shi ya sa take yaushi irin na mai jin ƙishi, kuma wannan kamanni ne yake yaudarar mutane su ƙara zuba abin da ke kashe ta. Bayan haka sai ƙwayoyin cutar ruɓewar saiwa, waɗanda ke yaɗuwa a cikin ruwan da ya kwanta, su ƙarasa aikin.

Shukar cikin ɗaki ta fi ta tsakar gida shiga wannan hali saboda hasken da take samu kaɗan ne, iska ba ta kaɗa ta, don haka ruwan da take sha a yini bai kai na 'yar'uwarta da ke waje ba. A Kano kuma kowane lokaci da irin tarkonsa. Da damina, musamman a Agusta da ruwa ya fi sauka, iskar ɗaki cike take da laima, tukunyar da ke bushewa cikin kwana biyu a watan Afrilu tana iya yin mako guda a jiƙe. Da hunturu kuwa busasshiyar iska takan ƙafar da saman ƙasar ya yi fari fat har ya tsattsage, alhali can ƙasa ruwa na kwance, ga sanyin dare ya rage wa shukar ci. Wanda yake duban sama kawai zai yi kuskure a lokutan biyu. Abin dogaro shi ne a soka tsinken tsire har gindin tukunyar, a bar shi minti biyar, a zaro a duba, ko kuma a ɗaga tukunyar a ji nauyinta, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, hannu kuma yakan koyi bambancin cikin mako guda.

Hanya ta farko ita ce jira, wato a daina ban ruwa, a gyara mafitar ruwa, a bar ƙasar ta sha iska ba tare da an taɓa saiwar ba. Ita ce mafi sauƙi, ba ta cin ko kwabo, kuma ba ta girgiza shukar da ta riga ta fara fure. Ana zubar da ruwan da ya taru a farantin da ke ƙarƙashi, a ɗora tukunyar a kan bulo biyu domin gindinta ya samu iska, a zura ƙusa a buɗe kafofin da laka ta toshe, a karkatar da ita kaɗan domin ruwan ya taru a gefe ɗaya ya fita, sannan a matsar da ita kusa da taga ko inda fanka ke kaiwa. Tsumman auduga da aka cusa a kafar gindi, aka bar jelarsa tana reto, yana jawo ruwan da ya maƙale ya ɗiga da shi ƙasa. Wannan hanya ta dace idan kuskuren na lokaci ɗaya ne, misali yara sun yi ta zuba ruwa ranar da ba ka nan, ko ruwan sama ya feso ta taga, kuma ƙasar ba ta wari, ganye ɗaya ko biyu ne kawai na ƙasa suka yi rawaya. Sai dai ina ganin mutane da yawa suna dogara da ita a inda ba za ta yi aiki ba. Idan kwana huɗu sun wuce ba a zuba ruwa ba amma tsinken yana fitowa da taɓo, ko ana jin wari, ko ƙananan baƙaƙen ƙudaje suna tashi daga saman ƙasar, to matsalar tana cikin ƙasar ce kanta, jira kuma ƙarin lokaci ne kawai ake ba ruɓewa.

A nan ne hanya ta biyu take shigowa, wato a ciro shukar, a kakkaɓe jiƙaƙƙiyar ƙasar, a yanke duk saiwar da ta yi laushi da almakashi mai tsabta, a mayar da ita cikin sabon haɗi. Aikin ba shi da wuya, zaɓen abin da za a haɗa ne yake buƙatar tunani, kuma a nan na fi so in tsaya.

Yawancinmu da ƙasar lambu muke farawa, ko wadda muka ɗebo a bayan gida, ko baƙar ƙasar da masu sayar da furanni a bakin titi ke cika leda da ita. Ƙasar da ke ba da amfani mai kyau a gona ba lallai ta yi haka a tukunya ba, domin a gona akwai zurfin da ke jan ruwa zuwa ƙasa, akwai tana da gara masu buɗe hanyoyi, a tukunya kuwa kowane ban ruwa yana ƙara danne ta har ta zama kamar tubali. Ƙasar fadama, wadda mutane ke so saboda baƙinta, ita ce mafi muni a wannan wuri, saboda yumɓun da ke cikinta. Ba na cewa a bar ƙasar lambu gaba ɗaya, tana riƙe abinci kuma tana ba shuka wurin tsayawa, amma kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na haɗin.

Abin da kowa ke fara ba da shawara a kai shi ne yashi, kuma a ganina shi ne shawarar da ta fi jawo asara. Tunanin yana da ma'ana a ido, tunda ruwa yana wuce yashi da sauri. Amma idan aka zuba yashi kaɗan cikin ƙasa mai yumɓu, ƙananan ƙwayoyin yumɓun sukan cike tsakanin ƙwayoyin yashin, a samu abu mai tauri da nauyi wanda kafofin iskarsa ba su ƙaru ba. Duk wanda ya taɓa kallon magina suna kwaɓa ƙasar gini ya san abin da wannan haɗi yake bayarwa idan ya bushe. Sai yashin ya zarce rabin haɗin kafin a ga bambanci na gaske, kuma sai ya kasance yashin kogi mai manyan ƙwayoyi wanda aka wanke, ba rairayin bakin hanya mai laushi ba. A wannan mataki kuma bokiti mai lita 20 zai haura kilo 30 idan ya jiƙe, abin da mazaunin bene ya kamata ya yi la'akari da shi, ga shi yashi ba ya riƙe abinci ko kaɗan. Inda na yarda da shi kawai shi ne ga alobera da sauran shuke-shuke masu kaurin ganye da suka saba da fari.

Buntun shinkafa ne abin da na fi amincewa da shi, kuma abin mamaki ne yadda muke zaune kusa da shi ba mu ɗauke shi da daraja ba. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera buntu ne, don haka duk inda ake cashe shinkafa, daga injinan Kura da Bunkure da ke cin gajiyar ruwan madatsar Tiga har zuwa ƙananan injinan cikin unguwanni, yana tare tsibi-tsibi. Siffarsa kamar ƙaramin kwalekwale ce, ba ya kwanciya ya manne da ɗan'uwansa, saboda haka yana barin kafofin iska a ko'ina cikin ƙasar. Yana da sinadarin silika da yawa, wanda ke hana shi saurin ruɓewa, yana iya kai wa ƙarshen rayuwar tumatir ko attaruhu bai narke ba. Ba shi da nauyi, kuma buhu guda zai ishi tukwane masu yawa. Yana da sharuɗɗa biyu da bai kamata a yi sakaci da su ba. Na farko, ƙananan injina sukan fitar da shi a gauraye da dusa, wadda masu kiwo ke nema, dusar kuwa idan ta jiƙe tana yin tsami da funfuna, ta jawo tururuwa da ɓeraye, don haka sai an tankaɗe shi da rariya an ɗauki tsantsar ɓawon. Na biyu, buntun ɗanyar shinkafa yana iya zuwa da ƙwayoyin da za su tsiro, wanda aka samo daga turararriyar shinkafa ya fi aminci, ko kuma a zuba masa tafasasshen ruwa a bar shi ya huce. Wasu suna babbaka shi a hankali har ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, wannan ya fi daɗewa kuma ya fi riƙe danshi, sai dai yana rage tsamin ƙasa, don haka ba a cika shi da yawa.

Gawayi da aka farfasa ya kai girman ƙwayar wake yana yin aiki makamancin wannan, ba ya ruɓewa kwata-kwata, kuma ɓurɓushin da ke taruwa a gindin buhun mai sayar da gawayi kusan kyauta ne. A tankaɗe ƙurar a zubar, a jiƙa shi kwana ɗaya kafin a haɗa, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Toka kuwa ba gawayi ba ce, laushinta yana toshe kafofi kuma kaifinta yana ƙona saiwa. Garin katako da ake ɗebowa a wurin masu yankan katako ma ban ba da shawararsa ba, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna ƙwace sinadarin naitirojin daga shukar, ganye ya yi rawaya, sannan idan ya jiƙe yakan dunƙule.

Sai kayan da ake shigowa da su, waɗanda yanzu ake tallata su a Facebook da Instagram: garin ɓawon kwakwa da masu sayarwa ke kira kokofit, da wasu fararen ƙwayoyi marasa nauyi da ake kira falayit. Mutane kan haɗa su a magana kamar aikinsu ɗaya, alhali sun sha bamban. Kokofit riƙe ruwa yake yi, yana shan ninkin nauyinsa sau da yawa, amfaninsa shi ne ko da ya jiƙe yana barin iska fiye da ƙasar lambu, kuma yana karɓar ruwa cikin sauƙi bayan ya bushe. Wanda ya cika tukunya da shi zalla a ɗaki mai ƙarancin haske da damina bai rabu da matsalarsa ba. Yakan zo da gishiri idan ba a wanke shi da kyau ba, sai an jiƙa an tsane shi sau biyu ko uku, kuma ba shi da abincin kirki, dole a riƙa ciyar da shukar a kai a kai. Falayit kuwa dutse ne na aman wuta da ake gasawa a zafin da ya kai kusan digiri 900 har ya kumbura kamar gugguru, kuma aikinsa shi ne buɗe ƙasa. Ba ya ruɓewa, ba ya ɗauke da cuta, ba ya sauya tsamin ƙasa, ta wannan fuska ya fi buntu. Aibinsa shi ne tsada, da yadda yake tasowa sama idan an yi ban ruwa, da ƙurarsa da ba a so a shaƙa, shi ya sa ake yayyafa masa ruwa kafin a taɓa shi. Hukuncina a nan shi ne ga mai renon iri a ƙananan kofuna, ko mai furen ado guda ɗaya ko biyu masu tsada, kokofit kashi biyu da falayit kashi ɗaya sun cancanci kuɗinsu. Ga mai tukwane goma na kayan miya kuwa, buntu zai ba shi kusan wannan sakamako da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Haɗin da na tsaya a kansa shi ne kwano ɗaya na ƙasar lambu, kwano ɗaya na takin gargajiya da ya ruɓe sarai, kwano ɗaya na tankaɗaɗɗen buntu, da ɗan gawayi. Takin ya zama wanda ya daɗe har ya yi baƙi ya daina wari, domin ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana cinye iskar da saiwa ke nema yayin da yake ruɓewa, kuma yana ƙona ta. Kafin a dasa, a jiƙa haɗin a damƙe shi a tafin hannu: idan ya dunƙule amma ya wargaje da an taɓa shi da yatsa, ya yi, idan kuwa ya zauna kamar curin fura, a ƙara buntu. Zogale da citta, waɗanda ba sa jure kwanciyar ruwa, suna son buntun ya fi haka yawa, na'a-na'a kuwa tana haƙuri da danshi, ana iya rage mata.

Akwai al'adar zuba tsakuwa ko tsingaro a gindin tukunya da niyyar taimaka wa ruwa ya fita, kuma na daɗe ina yin ta kafin in gane illarta. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta cika ta ƙoshi, don haka a kowace tukunya akwai wani sashe a can ƙasa da ke zama jagab bayan an gama ɗiga. Zuba tsakuwa bai kawar da wannan sashe ba, ɗaga shi sama kawai ya yi zuwa inda saiwa take, sannan ya rage wa shukar wurin zama. Tsingaro guda ɗaya da aka kifa a kan kafa domin kada ƙasa ta zube ya wadatar, ko ɗan yankin tsohon gidan sauro.

Wannan ne ya kawo mu ga hanya ta uku, sauya mazubin. Ana iya gwada dalilin da soson katifa: a jiƙa shi a kwantar har ya daina ɗiga, sannan a tsayar da shi a tsaye, za a ga ruwa ya sake zuba. Tsayin sashen da ke zama jagab kusan ɗaya ne a kowane mazubi idan ƙasar iri ɗaya ce, saboda haka faffaɗar roba marar zurfi kusan dukanta jiƙaƙƙiya ce, dogon mazubi kuwa yana da fili mai iska a sama. Girma ma yana da nasa tasiri, domin ƙaramin dashe a cikin babban bokiti ba shi da saiwar da za ta shanye ruwan da ke kewaye da shi, sai ƙasar ta yi ta zama a jiƙe.

Bokitin fenti da yankakkiyar jarka su ne suka fi yawa a gidajenmu, suna da arha da ƙarko, amma ba sa numfashi ko kaɗan, mafitar ruwa ɗaya ce kawai, ta ƙasa. Wanda zai yi amfani da su ya huda kafofi shida zuwa takwas masu faɗin yatsa ƙarami, wasu a gindi, wasu a gefe dab da gindi, domin na gindi kan toshe idan bokitin ya zauna daram a kan tayil. Tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta da fenti ba tana yin abin da randa ke yi, wato tana tsatsafar da ruwa ta jikinta, ta sanyaya saiwa, ta shigar da iska. Ga shukar cikin ɗaki, da kuma mutumin da hannunsa ke da saurin zuba ruwa, ban ga abin da ya kai ta ba. Tana da nauyi, tana fashewa, a watan Afrilu tana iya buƙatar ruwa kullum, kuma ruwan burtsatse yakan bar mata farin gishiri a jiki wanda sai an riƙa gogewa, amma duk waɗannan sun fi ruɓewar saiwa sauƙin magani. A tabbatar an huda gindinta, domin tukwanen da aka gina don girki ko ajiyar ruwa ba su da kafa. Buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa yana tsane ruwa fiye da su duka, sai dai yana jiƙa daɓe kuma rana tana cinye shi cikin 'yan watanni, ya fi dacewa da baranda ko tsakar gida. Kowanne aka zaɓa, kada a bar ruwa ya kwana a farantin ƙarƙashi, domin tukunyar za ta sake tsotse shi, sauro kuma yana iya hayayyafa a ciki.

Idan ƙasar ba ta wari kuma kuskuren na kwana ɗaya ne, a jira. Idan tana wari ko ta ƙi bushewa bayan kwana huɗu, a ciro shukar a sauya haɗin a ranar, kuma idan mazubin roba ne marar zurfi ko ya yi wa shukar girma, a sauya shi tare, tunda saiwar da aka datse ta ragu, ƙaramar tukunya take buƙata. Idan an tarar ruɓewar ta hau har gindin kara, ya yi baƙi ya yi laushi, babu haɗin da zai dawo da ita, gara a yanki lafiyayyen reshe daga sama a sa a ruwa ya yi sabuwar saiwa, abin da na'a-na'a da ɗoɗɗoya da tumatir suke yi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Tsohuwar ƙasar a kai ta waje a shanya a rana, kada a mayar da ita kan wata shukar ɗaki, tukunyar kuma a wanke ta da ruwan bilic da aka sirka kashi ɗaya cikin goma, a ɗauraye. Shukar da aka ceto a rage mata ganye gwargwadon saiwar da ta rasa, a ajiye ta inda akwai haske amma rana ba ta dukanta kai tsaye, a ba ta ruwa sau ɗaya domin ƙasar ta zauna, sannan a hana ta takin zamani na mako biyu zuwa uku, har sai sabon toho ya fito daga samanta.